"In ba ƙira, me ya ci gawayi?": ta dace da birnin da ya karye?

Baban Zainab:
Assalamu alaikum jama'a. Na yi amfani da karin maganar nan "In ba ƙira, me ya ci gawayi?" a kan birnin Detroit na jihar Michigan a Amurka, sai wani abokina ya ce ban ajiye ta a muhallinta ba. Ga yadda lamarin yake. Ranar 18 ga Yulin 2013 hukumar birnin ta garzaya kotu ta ce ta karye, ba za ta iya biyan bashin da ya kai kimanin dala biliyan 18 ba. Ba a taɓa samun birni mai girmansa da ya yi haka a Amurka ba. Alhali mutanen garin suna cikin waɗanda aka fi tatsa: harajin gida, harajin albashi, haraji a kan kuɗin wuta da gas da waya, ga kuma abin da gidajen caca ke zubawa. Duk da haka, a lokacin kusan kashi 40 cikin 100 na fitilun titi ba sa kamawa, in ka kira 'yan sanda kuwa kana iya shafe kusan awa guda kana jira. Shi ne na ce gawayi ya ƙone, ba a ga garma ba, ba a ga lauje ba. Masana, ku warware mana.

Ɗan Maƙera:
Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayan abokinka. A gidanmu ba da tuhuma ake faɗin maganar nan ba, hujja ce. Idan wani ya yi musun cewa an yi aiki, sai dattijo ya nuna masa buhun da ya ƙare ya ce, to in ba ƙira aka yi ba, me ya ci gawayin? Wato ƙarewar gawayi ita ce shaidar an ƙera wani abu. Kai kuma ka juya ta ka mai da ita sandar dukan maƙeri.

Maman Iman:
Malam Ɗan Maƙera, duka biyun ana yi, kuma na ji su da kunnena. Abin dubawa shi ne daga bakin wa ta fito. In maƙeri ne ya faɗa, kare kansa yake. In wanda ya sayi gawayin ne, bahasi yake nema. Mai biyan haraji kuwa shi ya sayi gawayi, saboda haka Baban Zainab yana da hurumin tambaya.

Tsohon Akawu:
Hajiya ta yi gaskiya, amma ku bar ni in tsaya a kan Detroit ɗin kanta, domin a ganina fassarar Ɗan Maƙera ta fi kusa da abin da ya faru fiye da yadda yake zato.

A 1950 mutanen birnin sun kai miliyan 1 da dubu 800 da ɗoriya, lokacin da masana'antun mota ke cin kasuwarsu. A ƙidayar 2010 ba su wuce dubu 714 ba. Masana'antu sun koma wajen gari, masu hali sun bi su, tarzomar 1967 ta ƙara wa hijirar gudu. To amma ma'aikatan da aka ɗauka lokacin da gari ke cike, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da direbobin bas da masu aikin ruwa, an yi musu alkawarin fansho da kuɗin magani har ƙarshen rayuwa. Sun yi aikin, sun tsufa, sun yi ritaya. Kafin 2013 masu karɓar fansho sun ninka masu zuwa aiki, kuma kusan rabin wancan bashi na biliyan 18 haƙƙinsu ne. A lokacin, fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar birnin yana tafiya ne wajen biyan tsofaffin alkawura da basussuka kafin a sayi ko kwan fitila ɗaya.

Ke nan an yi ƙira. Sai dai ƙirar shekara talatin da suka wuce ce ake biya da gawayin bana. Laifin shugabanni shi ne sun yi alkawari ba su ajiye isasshen abin cika shi ba, a shekarun da asusun fansho ya samu riba ma sai a raba wa mutane ƙarin kuɗi maimakon a adana don ranar wuya. Ina jin ciwo idan aka ɗora wa tsoffin nan laifi. Matsakaicin fanshon ma'aikacin da ba ɗan sanda ko ɗan kwana-kwana ba a 2013 bai wuce kimanin dala dubu 19 a shekara ba, wanda a Amurka abin rufin asiri ne kawai.

Ɗan Kwari:
Ranka ya daɗe Akawu, ka bar ɓangare guda, kuma mu 'yan kasuwa shi muka fi gani. Duk lokacin da aljihun birnin ya yi rami, haraji ake ƙarawa. An fara harajin albashi a 1962 da kashi 1 cikin 100, aka mai da shi 2 a 1968, ya kai 3 a 1981 zamanin magajin gari Coleman Young. Harajin gida kuma yana cikin mafiya tsada a manyan biranen ƙasar. Mutum yana tsallaka titin Eight Mile ya fita daga iyakar birnin, nauyin ya ragu, makaranta ta fi kyau, ɗan sanda na zuwa da wuri. Wa zai zauna? Masu ƙarfin tashi suka tashi, nauyin ya koma kan marasa ƙarfi, aka sake ƙara musu. Ni karin maganar da zan ba su ita ce "Kwaɗayi mabuɗin wahala". Iyayenmu ma sun san haka tun zamanin jangali: in aka matsa wa makiyayi sai ya kora shanunsa ya tsallaka ƙasar wani hakimi, wanda ya matsa ya tashi a tutar babu.

Maman Iman:
Alhaji, kwaɗayi ai na mai son ƙari ne a kan abin da yake da shi. Su waɗannan rami suke cikewa. "Gaba kura, baya sayaki" ta fi kama da halin da suka shiga: in ba su ƙara haraji ba albashi ya gagara, in sun ƙara mutane su gudu.

Ɗan Kwari:
Hajiya, akwai hanya ta uku da suka daɗe suna kauce mata, wato rage kashewa daidai da yawan mutanen da suka rage. "Daidai ruwa, daidai tsaki."

Tsohon Akawu:
Faɗinta ya fi yinta sauƙi, Alhaji. Mutane sun ragu amma filin birnin bai ragu ba, murabba'in mil 139 yana nan. Layin da saura gida uku a kansa yana buƙatar bututun ruwa da fitila da motar shara kamar lokacin da yake da gida arba'in. A 2013 akwai gine-gine kimanin dubu 78 da aka yi watsi da su, wuta na yawan tashi a cikinsu, dole 'yan kwana-kwana su fita. Gwamnatin jihar Michigan ita ma ta rage kason da take ba birane a daidai shekarun da Detroit ta fi buƙata. Ban ce ba a yi almubazzaranci ba, amma wani kashewar ba a iya yanke shi da almakashi.

Baban Zainab:
Na ƙaru ƙwarai, Allah ya saka. Sai dai ban janye tambayata ba, saboda akwai gawayin da ba ƙirar jiya ba ce ta ci shi, ba kuma ta yau ba. A 2005 da 2006, zamanin magajin gari Kwame Kilpatrick, birnin ya ciwo bashin kimanin dala biliyan 1.4 don toshe giɓin asusun fansho, aka haɗa da wata yarjejeniya da bankuna a kan kuɗin ruwan bashin. Da tattalin arziki ya rikice a 2008 kuɗin ruwa ya faɗi, yarjejeniyar ta juya wa birnin baya, har sai da aka jinginar da harajin gidajen caca. Shi kansa Kilpatrick a 2013 kotun tarayya ta yanke masa ɗaurin shekara 28 kan cin hanci da maguɗin kwangila, kafin Shugaba Trump ya sassauta masa a Janairun 2021. Wannan fa, Malam Ɗan Maƙera, wace ƙira ce?

Ɗan Maƙera:
Wannan kam babu ƙira, na yarda. A nan ka faɗi karin maganarka da babbar murya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi wa birni gaba ɗaya kuɗin goro da ita, har tsohon direban bas ya ji kamar da shi ake.

Maman Iman:
Kuma shi ɗin ne ya biya. Da alƙali Steven Rhodes ya amince da tsarin fitar da birnin daga karyewar, aka kammala a Disamban 2014, an sauke wa birnin bashin kimanin dala biliyan 7. An rage fanshon ma'aikatan gama-gari da kashi 4.5 cikin 100, aka soke ƙarin da ake musu saboda tsadar rayuwa, kuɗin maganinsu kuma aka zaftare shi sosai. Da ba don gidauniyoyi da gwamnatin jiha da gidan adana zane-zane na birnin sun yi alkawarin dala miliyan 816 ba, don kada a yi gwanjon zane-zanen kuma a tallafa wa fansho, da yankan ya fi haka.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na masu gidaje. Dokar Michigan ta ce kada ƙimar da ake ɗora haraji a kai ta wuce rabin kuɗin gida a kasuwa. Da darajar gidaje ta faɗi bayan 2008, hukuma ba ta sauke ƙimar yadda ya kamata ba. Binciken jaridar Detroit News a 2020 ya gano an karɓi aƙalla dala miliyan 600 fiye da ƙima tsakanin 2010 da 2016, kuma dubban iyalai sun rasa gidajensu saboda bashin haraji a waɗannan shekarun. Akawu, su waɗannan a wane shafin lissafi za ka sa su?