Ina son ajiye aikin banki in koma koyar da yaran sakandare, dan Allah a ba ni shawara

Ɗan Gwale:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta tsaya min a rai kusan shekara guda kenan na rasa wanda zan faɗa wa ya fahimce ni. Shekarata 36, ina aiki a wani banki a nan Kano shekara tara, ina da mata da yara uku, gidan haya muke. Albashi Alhamdulillah yana riƙe mu, amma ƙarfe bakwai na fita wani lokacin sai bayan isha'i nake shigowa, kullum maganar taget ce da neman masu ajiya.

Abin da ya tayar min da hankali wani yaro ne a layinmu, maraya, da yana JSS yakan zo da littafinsa in nuna masa lissafi, yaro mai ƙwaƙwalwa wallahi, sai aiki ya yi min yawa kullum in ce masa ya dawo gobe ya dawo jibi har ya gaji ya daina zuwa, ni kuma ban neme shi ba. Bara aka kama shi cikin masu ƙwacen waya, shekararsa 16. Ranar da na ga mahaifiyarsa tana kuka a ƙofar gidan mai unguwa ban iya barci ba. Tun daga nan na fara shimfiɗa tabarma a soro duk Asabar da Lahadi bayan la'asar ina koya wa yaran layi lissafi da fiziks, da biyar muka fara yanzu sun kai 14, kuma gaskiya duk sati wannan awa biyun ce kaɗai nake jin na yi wani abu da rayuwata.

To yanzu zuciyata ta karkata in ajiye aikin gaba ɗaya in koma harkar matasan nan, in koyar da su in kuma zaburar da su su san cewa suna da amfani. Digirina na fiziks ne ba na koyarwa ba, shin za a ɗauke ni a makaranta? Ko in buɗe wajen lesin nawa? Akwai wanda ya taɓa yin irin wannan? Ko uwargida da Hajiyarmu ban faɗa musu ba tukuna.

Malamin Lissafi:

Wa alaikumussalam ƙanina. Allah ya saka maka da alheri da wannan niyya. Shekarata 22 da alli a hannu a makarantar gwamnati, bari in fara da maganar takarda. Tunda digirinka ba na ilimi ba ne sai ka yi PGDE, wato diflomar koyarwa ta masu digiri, kwas ne na kusan shekara ɗaya, jami'o'i da dama suna yi, NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa mai hedikwata a Kaduna, ita ma tana yi kuma an tsara nata don masu aiki ne, ba sai ka ajiye aikinka ba. In ka gama ka zauna jarabawar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, su yi maka rajista su ba ka lasisi. Malamin fiziks da lissafi kuwa nemansu ake, wannan kada ya dame ka. Shekarunka ma ba su ƙure ba, dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta kai ritayar malamai shekara 65 ko shekara 40 ta aiki, duk da dai kowace jiha da yadda take aiwatarwa.

Amma kalmar zaburarwa ɗin nan da ka faɗa ita nake so mu tsaya a kai. Mun sha ganin masu zuwa makaranta da kwat da lasifika, a tara yara a fili a yi musu lacca mai daɗi a kan su zama likitoci da injiniyoyi, a tafa, a ɗauki hoto a sa a Facebook, su shiga mota su tafi, washegari yaron ya dawo aji ɗaya da mutum sama da ɗari wasu a ƙasa wasu a kan taga, kuma yana SS2 amma in ka ce ya karanta sakin layi ɗaya da Turanci sai ya sunkuyar da kai. Wannan yaron ba lacca ce ta dame shi ba, kunya ce take cinsa, ya san bai iya ba kuma yana ganin lokaci ya wuce shi, shi ya sa yake gudu daga aji ya tafi majalisar da ba wanda zai tambaye shi ya karanta komai. Ranar da ka zauna da shi ya warware lissafi ɗaya da kansa ka ga yadda fuskarsa ta canza, to ka zaburar da shi, kuma sai ka dawo gobe ka dawo jibi, shekara da shekaru. Abin da kake yi a soron nan shi ne aikin, kada ka raina shi.

Ba don komai gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024 ba, abin ya lalace ne ƙwarai. Muna buƙatar irinku. Sai dai ka shigo da idonka a buɗe, akwai ranakun da za ka koma gida murya ta dishe ba ka ga alamar wani ya gane komai ba.

Maman Hanifa:

Ɗan uwa ni inda na tsaya shi ne inda ka ce ba ka faɗa wa matarka ba. Dan Allah yau ɗin nan ka zaunar da ita, don ita ce za ta riƙa auna shinkafa da gwangwani in albashi ya ragu, ita yara za su tambaya in an koro su kuɗin makaranta. Ba wai za ta hana ka ba ne, wataƙila ma ta fi kowa ba ka ƙarfin gwiwa, amma a yi shawara da ita tun kafin a yanke ba bayan an yanke ba. Hajiya kuma ka je da kanka ka nemi albarkarta.

Ni na koyar a makarantar kuɗi shekara huɗu kafin in bari. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024 amma inda na yi aiki ko kusa da haka ba mu samu, kuma in an yi hutun dogon zango sai a ce ai ba a karɓi kuɗin makaranta ba mu yi haƙuri. Ka lissafa haya, abinci, asibiti, kuɗin makarantar yara uku, ka ga ko kana da abin da zai riƙe ku shekara guda ba tare da ka nemi bashi ba, in babu to ka dakata tukuna.

Sannan yaran naka 14 duk maza ne ko? 'Yan matan layin fa? Su ma da yawa daga JSS3 ake cire su, wasu talla wasu zaman gida, kuma iyaye ba za su turo maka su soro ba. In abin ya kankama ka nemi mace malama ta riƙe nasu ajin a cikin gida, za ka sha mamakin yadda za su zo.

Bazazzage:

Ni na yi abin da kake son yi, a 2021 na ajiye aiki a wani kamfanin sadarwa na dawo Zariya, don haka bari in gaya maka yadda ta kasance ba ƙari ba ragi. Wata shida na farko daɗi, ina ta murna na huta. Daga nan kuɗin da na tara ya fara narkewa, aka zo aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya ninka, sai da na sayar da motata na koma babur, akwai daren da na zauna ina tambayar kaina ko na cuci iyalina. Abin da ya cece ni shi ne na raba aikin gida biyu, da safe ina koyarwa a makaranta, da yamma ina lesin WAEC da NECO da JAMB na kuɗi ga waɗanda iyayensu ke da hali, kuɗin nan ne yake ɗaukar nauyin ajin kyauta na yaran unguwa. Ba na samun rabin abin da nake samu da, amma muna ci muna sha, kuma ban yi nadama ba, musamman ranar da yaro na farko daga ajin kyautar ya zo min da takardar shiga ABU yana rawar jiki.

Kurakuraina guda biyu kada ka maimaita. Na farko na fara tara yara ban je wajen mai unguwa da liman ba, sai ga maganganu wai wa ya san abin da yake koya musu, wai wata ƙungiya ce ta turo shi, sai da na koma na bi ta hannun manya sannan iyaye suka saki jiki. Na biyu na ɗauka duk yaron da ya zo zan iya da shi. Akwai waɗanda shaye-shaye ya riga ya kama, tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018 wasu suka koma ƙwayoyi da sholisho, irin waɗannan nasiha kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da iyaye da asibiti, kai malami ne ba likita ba. Na rasa biyu a haka har yau abin yana min ciwo.

Ka kuma je wajen kamfanin fanshonka ka yi tambaya, dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya bar aiki dama ya ciri har kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara in ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, amma ni shawarata kada ka sa shi a lissafi, ka bar shi don ranar tsufa.

Abu Sadik:

Ni kam ku yi haƙuri ban goyi baya ba. Malam da albashinka na banki za ka iya biyan malamai biyu su riƙa koyar da yaran nan kullum, ka biya wa marayu kuɗin NECO da JAMB, ka sai littattafai da benci. In ka ajiye aikin an samu ƙarin malami ɗaya amma an rasa mai ɗaukar nauyi, kuma masu ɗaukar nauyin sun fi ƙaranci a unguwanninmu. Yaran da ka haifa su ma amana ce a wuyanka kafin 'ya'yan maƙwabta.

Malamin Lissafi:

Abu Sadik maganarka tana kan hanya, sai dai ba kowa ne kuɗinsa kaɗai ake buƙata ba, wani shi kansa ake buƙata. Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk sun riƙe alli a makarantar Midil ta Bauchi, a lokacin masu ƙwaƙwalwar gari su ne suke shiga aji. Yanzu kuwa sai wanda ya rasa aiki ake turawa koyarwa, in mai digirin fiziks ya ce da son ransa zai zo ni ba zan kore shi ba. Amma na yarda da kai kada ya yi gaggawa.

Ɗan Gwale:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Maman Hanifa na bi shawararki, jiya da daddare muka yi magana da uwargida, ta yi shiru can ta ce ai ta daɗe da lura ranar Asabar ce kaɗai nake dariya a gidan nan, amma sharaɗinta sai mun tara kuɗin haya na shekara biyu da kuɗin makarantar yara na shekara ɗaya kafin in rubuta takardar ajiye aiki, kuma ta ce ajin 'yan matan ita za ta riƙe tunda tana da NCE. Abu Sadik maganarka ma ta shige ni, wannan watan zan fara da biya wa biyu daga cikin yaran kuɗin jarabawa. Ranar Juma'a in sha Allah zan je wajen Hajiya, daga nan in wuce gidan mai unguwa. Yaron da na ba ku labari an sako shi, na aika a kira min shi sau biyu bai zo ba, gobe da kaina zan je gidansu.

Malam dan Allah PGDE ɗin nan na NTI, ranakun ƙarshen mako ake shiga aji ko yaya? Don in san yadda zan gyara lokacin yaran soro kada ya ci karo.