Don Allah a taimaka min da fim ɗin mayu kafin Asabar

Tauraruwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na jima ina karanta hirarku ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai abin ya sha min kai. Mu ƙawaye ne tun makaranta, mukan haɗu mu kalli fim, kowa da ranar da za ta zaɓa. Asabar ɗin nan layi ya zo kaina, kuma har yanzu na kasa tsayar da magana.

Wancan karon The Witch na sa musu, na Robert Eggers, wanda ya fito a 2015. Duk finafinan maita babu wanda ya kama min zuciya kamarsa. Iyali ne aka kora daga garinsu a Amurka wajen shekarun 1630 saboda saɓanin addini, suka je bakin daji suka kafa gona su kaɗai. Akwai inda babbar 'yar take wasa da jaririn gidan, ta rufe idonta da tafin hannu ta buɗe yana dariya, ta sake rufewa ta buɗe, sai zanin da aka kwantar da shi kawai. Ba kiɗa mai ƙarfi, ba ihu. Duk lokacin da na zo wurin nan sai tsigar jikina ta tashi.

Ana tsakiyar kallo ɗaya daga cikinmu ta miƙe ta kunna fitila, ta ce wai ita ta gaji da kallon manoma suna addu'a. Kowa ya fashe da dariya. Wannan ƙawar tawa ɗaki ɗaya muka zauna da ita a makaranta. Lokacin da maganar aurenta ta lalace ni ce na kwana ina rarrashinta, ni na riƙe mata sirri, da ta shiga matsi ni na ranta mata kuɗi ban taɓa tambaya ba. Mahaifiyarta ma in ta kasa samunta ni take kira. Amma tun ranar ba ta kirana da sunana, sai “uwar bunsuru”, saboda baƙin bunsurun da ke cikin fim ɗin. Ko a waya haka take cewa. Na nuna mata ba na so, ta ce na cika ɗaukar abu da zafi.

Yanzu so nake in kawo fim ɗin mayu da zai rufe mata baki, amma ba shirme ba. Gabana sai faɗuwa yake. Me zan sa?

Ɗan Kallo Na Da:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki wahalar da kanki, amsa ɗaya ce: Suspiria, na Dario Argento, 1977. Yarinya ce 'yar Amurka ta je makarantar koyon rawa a garin Freiburg na Jamus, ashe matsafa ne ke riƙe da makarantar. Kafin a yi minti 15 an yi kisan da ƙawarki ba za ta iya tashi neman makunnin fitila ba. Launin ja da shuɗi da kore sun cika allo, ga kiɗan ƙungiyar Goblin mai raɗa da nishi a ciki. Akwai inda tsutsotsi ke zubowa daga rufin ɗaki kan 'yan mata suna taje kai. Ki sa shi, ki ƙure sauti, ki dawo ki ba mu labari.

Uwar Biyu:
Ni wallahi labarin ƙawar nan ne ya tsaya min a rai. Haka ƙanwar mijina take min. Ko me na sa sai ta ce ba daɗi, alhali tana kan waya tun daga farko har ƙarshe, sai an gama ta fara tambayar wa ya mutu. Na daina kallo da ita gaba ɗaya, yanzu kuma an ce ina ware ta. Mutum bai san inda zai sa kansa ba.

Mai Gilashi:
Anti Tauraruwa ki gwada The Blair Witch Project na 1999. Ɗalibai uku ne suka shiga daji a jihar Maryland da kyamara suna bin labarin wata mayya, suka ɓata. Su wayi gari su tarar da tulin duwatsu a bakin tantinsu, ga ƙirare an ɗaure su da siffar mutum suna reto a bishiya. Da kuɗi kaɗan aka ɗauke shi, ya kawo kusan dala miliyan 250. Kuma gajere ne, bai kai awa ɗaya da rabi ba.

Ɗan Kallo Na Da:
Ɗana, wadda ta kasa haƙuri da The Witch ita ce za ta zauna kallon mutum uku suna faɗa a kan taswira? Har fim ɗin ya ƙare ba a nuna mayyar ko sau ɗaya. Abin da ya ɗaga shi a lokacinsa talla ce, an baza cewa 'yan wasan sun ɓata da gaske, mutane suka shiga sinima suna zaton gaskiya suke kallo. Yau kowa ya san wasa ne. Ga girgizar kyamara mai sa jiri da tashin zuciya.

Ƙaramar Su:
Kun tuna min da abin da har yau ban yafe ba. Yayana ne ya sa min shi ina yarinya, ya rantse min cewa kaset ɗin a daji aka tsinto shi. Na daɗe ba na iya shiga ɗaki ni kaɗai, musamman saboda wurin ƙarshen nan da aka ga ɗayansu a tsaye ya juya fuska ga bango. Har yanzu in na tayar da maganar dariya yake yi, ko haƙuri bai taɓa ba ni ba.

Mai Gilashi:
Haba Anti, ai kin faɗi ƙarshen fim ɗin!

Tauraruwa:
Na gode Yaya. Na taɓa ganin Suspiria, kyau kam yana da kyau, amma jinin ya yi yawa, kuma labarin ba shi da ƙarfi. Ni ba firgita ta minti ɗaya nake nema ba. Abin da ya sa nake son The Witch shi ne tun kafin mayyar ta gama da su, su da kansu sun cinye juna. Uwa ta zargi 'yarta, ƙannenta tagwaye suka ɗora mata maita, uba ya ɓoye cewa shi ya sayar da kofin azurfar matarsa ya bar yarinya da laifi. Wannan shi ne abin tsoron. Ban ga laifina ba don na nuna musu abu mai ma'ana.

Ɗan Kallo Na Da:
Ƙanwata, ba wanda ya ce fim ɗin ba shi da kyau. Eggers ya ci kyautar darakta da shi a bikin finafinai na Sundance, kuma yawancin maganganun ciki daga rubuce-rubucen wancan zamanin ya ɗebo su. Matsalar kenan. Turancin ƙarni na 17 ne, ko masu harshen sai sun kasa kunne. Ga duhu, don da hasken rana da na kyandir aka ɗauki mafi yawansa. Wannan fim ne na mutum ɗaya cikin dare. Kin kai shi taron hira da dariya. Taro Suspiria yake so, na faɗa na kuma.

Baƙon Dare:
In Suspiria ne ai gara sabon, na 2018 wanda Luca Guadagnino ya yi. Labarinsa ya fi zurfi, an mayar da shi birnin Balin lokacin da katanga ta raba shi, kuma Tilda Swinton ta yi ƙoƙari sosai.

Ɗan Kallo Na Da:
Awa biyu da rabi, Malam. Ga tsiraici. So kake a canja mata suna daga uwar bunsuru zuwa wani abin da ya fi shi? A bar maganar nan.

Hajiya Babba:
'Yata, ga Rosemary's Baby na 1968. Kusan babu jini ko dodo, sai maƙwabta tsofaffi masu fara'a da suka lulluɓe wata matashiya mai ciki da kulawa, suna kawo mata abin sha kullum, suna zaɓa mata likita, ita kuma tana ramewa tana jin akwai abin da ake ƙulla mata har da mijinta a ciki. Irin tsoron da kika ce kina so kenan, kuma maganarsu a fili take.

Tauraruwa:
Hajiya wannan ba zai yiwu ba, ɗaya daga cikinmu juna biyu gare ta, watanninta sun yi nisa. Kuma mai gidan da za mu haɗu ƙanwarta za ta zauna da mu, shekararta 14.

Uwar Biyu:
Ikon Allah! Sai yanzu kike faɗa? Kin ba mu tarihin bashi da na aure, amma mai ciki da yarinya ba su samu shiga ba. To ai duk abin da aka lissafa a sama ya rushe.

Tauraruwa:
Ban ga ya rushe ba. Mai cikin ita ta fi kowa son finafinan ban tsoro, abin da ya shafi jariri ne kawai ba na so in sa mata. Yarinyar kuma za a iya tura ta ɗaki.

Hajiya Babba:
Ba a tura 'yar shekara 14 ɗaki ta zauna, 'yata. Za ta laɓe a bakin ƙofa ta gani, kuma ke za a kira in ta kasa barci. In da ita za a yi, ki nemi The Witches na 1990, wanda aka ɗauko daga littafin Roald Dahl. Taron mayu ne a otal, shugabarsu ta cire fuskar da take sawa a gaban jama'a. Na yara ne, amma wurin nan manya ma suna kawar da kai.

Tauraruwa:
Hajiya in na kai fim ɗin yara ai na ba ta abin faɗa na shekara guda.

Mai Nazari:
Ni duk finafinan nan akwai abin da ke damuna da su. Suna nuna cewa mayyar gaskiya ce, alhali waɗanda aka kashe a tarihi mutane ne da aka yi wa ƙazafi. A garin Salem na Amurka a 1692 an ƙona mata da ransu saboda maganar wasu 'yan mata. The Conjuring na 2013 ma ya ɗauki sunan wata mata da ta taɓa rayuwa da gaske a jihar Rhode Island ta Amurka ya mai da ita mayya, ba tare da wata hujja ba. Kakata haka aka yi mata da ta tsufa ta fara rikicewa, yara suka riƙa gudunta, har ta rasu wasu dangi ba sa shiga ɗakinta. In na ga tsohuwa mai farin gashi a fim an mai da ita abin tsoro, ita nake tunawa.

Ɗan Kallo Na Da:
Allah ya jiƙan kaka. Gyara ɗaya: ba a ƙona kowa a Salem ba. Mutum 19 aka rataye, mata 14 da maza 5, sai wani dattijo, Giles Corey, da aka danne da duwatsu har ya mutu saboda ya ƙi amsa tuhuma. Ƙonawa a ƙasashen Turai irin su Jamus aka fi yi. Kuma finafinan da suka tsaya wa waɗanda aka zalunta suna nan. Witchfinder General na 1968 labarin Matthew Hopkins ne, wanda ya bi garuruwan gabashin Ingila a shekarun 1640 yana karɓar kuɗi yana sa a rataye mata. Babu mayya ko ɗaya a ciki, mai farautar shi ne mugun. Akwai kuma Häxan na 1922 daga Suwidin, marar magana, wanda ya ƙare da cewa da yawa daga cikin matan nan ciwon ƙwaƙwalwa ko tsufa ne ke damunsu. Amma waɗannan ba na taron ƙawaye ba ne.

Baƙon Dare:
Tunda an ƙi nawa, ga wani. The Autopsy of Jane Doe, 2016. Uba da ɗansa ne masu binciken gawa, aka kawo musu gawar wata budurwa da ba a san ko wace ce ba, jikinta lafiya lau a waje, ciki kuwa duk rauni. Uban yana ɗaura wa gawawwaki 'yar ƙararrawa a ƙafa, irin yadda ake yi a da don a gane in da sauran rai. Can cikin dare wuta ta ɗauke, sai ga ƙarar ƙararrawar nan tana tahowa a hankali ta lungu. Ba jariri a ciki, bai kai awa ɗaya da rabi ba, kuma ya haɗu da abin da Mai Nazari ke faɗa, ba zan ce ta yaya ba.

Uwar Biyu:
Fiɗar gawa a gaban mai ciki? Kuma gawar ba sutura tun daga farko har ƙarshe. Ku ji tsoron Allah.

Ɗan Kallo Na Da:
Rabin farko yana da kyau, rabin ƙarshe ya koma guje-guje kamar kowane fim. Suspiria dai.

Hajiya Babba:
'Yata, ni a ganina ba fim ne matsalarki ba. Ko wanne kika kai, wadda ta kunna fitila za ta sake kunnawa in ta ga dama. Ki kira ta kafin Asabar, ku biyu, ki gaya mata sunan nan yana miki ciwo.

Tauraruwa:
Hajiya na gode, amma ba ni zan kira ta ba, ita ta yi min. Kuma ba ku san ta ba, in na nuna abin ya dame ni ƙarawa za ta yi. Ina tunanin in sake sa musu The Witch ɗin, wannan karon da rubutu a ƙasan allo don su ji abin da ake faɗa. Ba su kai inda bunsurun ya yi magana ba ma aka tashi.

Uwar Biyu:
Wanda aka sace jariri a farkonsa? Ba ke kika ce ba ki son abin da ya shafi jariri ba?

Tauraruwa:
Wurin gajere ne, zan iya wuce shi. Ko akwai wanda ya san wani irinsa sak, mai tafiya a hankali, amma wanda abin ke fara faruwa da wuri?

Ɗan Kallo Na Da:
Ƙanwata, in kin wuce wurin jaririn kin cire ginshiƙin labarin. Na gaya miki abin da za ki sa tun da safe.

Mai Gilashi:
Anti, wai ita ƙawar taki wane irin fim take zaɓa in layi ya zo kanta?