Ina zan samu kaset ɗin Sega na asali a Zariya?

Ɗan Samaru: Salam jama'a. Na tono tsohuwar na'urar gem ta Sega Mega Drive ɗin yayana, tana aiki lafiya lau, yanzu so nake in tara gem ɗin da aka yi daga finafinan kimiyya, musamman Jurassic Park na 1993 wanda za ka zaɓi Dr Grant ko ka zama raptor ɗin (wani nau'in dainoso) da kanka, da Alien 3. Don Allah ina zan nema?

Abban Hanifa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka zaga wajen masu tsofaffin kayan lantarki a Sabon Gari amma ka buɗe ido, yawancin kaset ɗin nan masu gem ɗari a ciki jabu ne, gem kaɗan ake maimaitawa da suna daban. Na asali yawanci gem ɗaya ne tak.

Mai gyara T/Wada: In ka samu kar ka hura masa iska da baki yadda muka saba, danshi ke sa haƙoran ƙarfen kaset ɗin tsatsa, auduga da ɗan sipirit za ka goga. Sannan duba adafta tukuna, in ta Amurka ce volt 110 take ci, wutarmu 230, nan take za ta ƙone wallahi.

Ɗan Samaru: Na gode oga. Alien 3 ɗin ya cancanci wahalar?

Abban Hanifa: Sosai ma. A fim ɗin fursunonin ba su da bindiga, a gem kuwa Ripley, jarumar fim ɗin, da makamai take ceto fursunoni kafin lokaci ya ƙare, ga ramuka masu ɓatar da mutum. Fara da shi.