Takardar Larabci tana rikicewa wurin bugawa

Ɗan Jidda:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Takardar da aka rubuta da Larabci a Word, a kwamfutar gida lafiya lau take, amma a shagon bugawa sai layuka su goce, lambar QR ta ƙasa, wato ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu da na'ura ke karantawa, ita ma ta gutsure. Ina matsalar take?

Baƙon Makka:
Wa alaikumus salam. Kwamfutar shagon ba ta da salon rubutun da aka yi aikin da shi, sai ta musanya shi da wani. Kada ka kai musu fayil ɗin Word. Shiga File, Save As, zaɓi PDF, ka buɗe ka duba shafi-shafi kafin ka zuba a filashi.

Mazaunin Madina:
Malam, gutsurewar kuma daga girman takarda ne. A Saudiyya A4 ake amfani da ita, tsawonta milimita 297. In an saita firinta a kan Letter ta Amurka, 279 kawai take ɗauka, sai ƙasan shafin ya tafi. Danna Ctrl+P, mayar da ita A4, ka zaɓi Fit, wato a daidaita shafin da girman takardar.

Baƙon Makka:
In ta WhatsApp za ka tura, tura fayil ɗin kansa. Hoton allo dishi-dishi yake fitowa, na'ura ta kasa karanta lambar.