Ƙwarin Ruwan Fari: Musayar Baitoci

Bazazzagiya:
Salamu alaikum. Kowa ya kawo abin da idonsa ya gani, a rufe baiti da "na".

Ruwan fari ya sauka jiya a Zariya,
Shinge ya taso daga surin bayan rijiya,
Ya yi wa fitila rumfa har safiya,
Fukafukai na share da tsintsiya,
Sauran na soya da gishiri a kaskona.

Bakano:
Yaya, ki rage mana ko da rabin kwano,
Har yau ko yayyafi bai leƙo ba Kano,
Zafin bazara ya kore mu waje kwana,
Kunama kaɗai na gani, cikin takalmina.

Ɗan Damagaram:
Kai da ke kukan Afrilu, zo ka ji namu,
Sai Yuni ko Yuli ruwa ke waiwayar mu,
Shamuwa ma ba ta sauka a kukarmu,
Ƙwan fara na kwance a ƙasar gonarmu,
Ran da ya fashe, ni da shi a kan hatsina.

Manomin Funtuwa:
Ku bar ta fara, ku zo ga ƙadandoniya,
Ƙafa rututu, ga sanɗa wajen tafiya,
Ka taɓa ta, ta dunƙule ta kwanta lafiya,
Ba ta cizo, shanshani ne ɗan tsiya,
Sai dai ta cinye irin gyaɗa tun a ramina.

Duk wanda ya yi binne bana, ya riƙa tonawa yana dubawa.

Bazazzagiya:
Malam, ga taka.

Da hantsi na ga wani ja a kan rairayi,
Rigar karammiski, ga shi ba nauyi,
Girman ƙwayar wake, yana tafe cikin sanyi,
Wa zai faɗa min danginsa da suna?

Malamin Gusau:
Sunansa damina, Hajiya, duƙa ki ƙirga ƙafa,
Takwas ne, dangin kaska ne da gizo fa,
Rani duka yana ƙasa, ɓoye a kafa,
Ruwa ya zuba, ya fito farautar gara 'yan kwana.

Bakano:
Jama'a, ku dakata!

Tururuwa na ta jidar ƙwai zuwa tudu,
Gabas ta haɗe, kaji sun sheƙa da gudu,
Ku riƙe baitin, bari in shigar da kayana.