Neman kalmar Hausa ta "polygenic": na kawo "gadon gayya"

1/ Jama'a, ku taya ni. Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Gwale. Jiya wata ɗaliba ta tambaye ni: "Malam, tunda ana gwajin jinotaif kafin aure, akwai gwajin da zai nuna ko yaro zai yi ƙoƙari a makaranta?" Amsar tana cikin kalma guda ta Turanci, polygenic, wato halin da ƙwayoyin gado masu yawa suka haɗu suka samar, ni kuma ban da Hausarta.

2/ Ba laifinta ba ne. Sikila muka fi sani, ita kuwa daga ƙwayar gado guda take, harafi ɗaya ne na DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado) ya sauya a cikinta. AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Wannan na kira shi "gadon tilo".

3/ Basira ba haka take ba. A 2018 an binciki mutum miliyan 1.1, aka gano wurare 1,271 a DNA masu alaƙa da yawan shekarun karatu. Kowanne tasirinsa bai kai ya kawo ba. Da aka tattara su, abin da suka bayyana na bambancin mutane bai wuce kashi 11 zuwa 13 cikin ɗari ba, kuma duk jinsin Turawa aka gwada.

4/ Shi ya sa na ce "gadon gayya". Ina yaro na sha zuwa gayya a gonar kakana: mutum talatin a jere, kowa da fartanyarsa, da la'asar ba ka iya nuna kunyar da za ka ce wane ne ya gama gonar. Kuma gayya ba ta saukar da ruwan sama. Yaron da ya rasa sinadarin aidin, ko gubar dalma ta shige shi kamar yaran Zamfara a 2010, gadonsa ba zai tsare shi ba.

5/ Wani abokin aikina ya ƙi. Ya ce yaran birni "da gayya" kawai suka sani, wato da gangan. Shi "gadon karo-karo" ya fi so. Na yarda kunne zai fi saurin kama tasa, amma karo-karo ƙari ne kullum, alhali wasu ƙwayoyin ragewa suke yi. A gayya kuwa akwai mai tattake shuka.

6/ Malamanmu na Hausa a Jami'ar Bayero, Allah ya ƙara girma, wacce za ta zauna? Ranar Litinin zan koma ajin, yarinyar tana jiran amsa.