Wace kalma za mu sa a madadin «escarre»?

Assalamu alaikum ƴan uwa ma'aikatan jinya na Damagaram, da malamanmu na Hausa. Ina neman mu tsayar da kalma ɗaya ga abin da muka koya a makaranta da sunan «escarre», wato ciwon da ke kama majinyacin da ya daɗe kwance, kamar wanda aka yi wa aiki ko mai shanyewar ɓarin jiki. Tsakaninmu eskar muke cewa mu wuce. To amma wadda ke kwana gefen gado, matarsa ko ɗiyarsa, ita ce ke juya shi cikin dare, kuma eskar ba ta gaya mata komai.

Da yawa suna cewa «gyambon kwanciya». Ana ganewa, sai dai ban gamsu ba. Gyambo a kunnen Bahaushe miki ne buɗaɗɗe mai ruwa. Ciwon nan mataki 4 gare shi, kuma a na farko fata ba ta fashe ba. Littattafai na cewa a duba ja, alhali a fatarmu jan ba ya fitowa sosai. Wurin yakan ƙara duhu, ka taɓa ka ji ɗumi ko tauri da ya bambanta da kewayensa. In ka ce wa Hajiya ta lura da gyambo, za ta duba ta ce babu, kuma gaskiyarta. Ko a Amurka, a 2016 kwamitin ƙwararrunsu ya sauya sunan daga mai nufin gyambo zuwa mai nufin rauni, don ya haɗa da matakin da fata take a rufe.

Wata majo, wato babbar ma'aikaciyar jinya, ta kawo «raunin danniya». Dalilin ciwon ya fito, don nauyin jiki ne ke matse nama tsakanin ƙashi da katifa har jini ya daina isa. Amma danniya zalunci take kawo wa mutum a rai, dangi sai su ɗauka wani aka zarga.

Ni «cin shimfiɗa» nake so. Mun saba cewa takalmi ya ci ƙafa, kowa ya san tun kafin jini ya fito ake ji. «Cin gado» ya fi sauƙi a baki, amma a rubuce sai a karanta gādon mamaci, ba kuma abin faɗa ba ne gaban mara lafiya. Shimfiɗa ta haɗa tabarmar gida da katifar asibiti mai leda, wadda a zafin watan Afrilu gumi ke taruwa a kanta. In wurin ya fashe, sai a ce gyambon shimfiɗa.

Ga yadda zan faɗa a ɗakin majinyata: «Inna, kada shimfiɗa ta ci Baba. Ki juya shi duk awa 2, ki duba tsatso, kwatangwalo, diddige da ƙeya. Ki sa matashi ƙarƙashin sharaɓarsa diddige ya tashi. In zane ya jiƙe a canza. In kin ga wuri ya yi duhu kada ki murza, ki kira mu.»

Matsala ɗaya ta rage: masu zaman keken guragu ma ciwon yana kama su, ban sani ba ko shimfiɗa ta ɗauke su. Mutanen Mirriya, Magarya da Matamaye, in tsofaffinku suna da sunan da suke kiran shi tun da can, ku kawo, shi ya fi cancanta.